Jagora: Yadda Za Ka Gane Dabarun Tsiro na Tattalin Ruwa a Busasshen Wuri

Tsiro ba ya ƙaura. Inda ya tsira nan zai zauna, ruwa ya zo ko bai zo ba. Kimanin kashi 40 cikin 100 na sandararriyar ƙasar duniya yankuna ne masu ƙarancin ruwa, kuma a hamada ta sosai ruwan saman shekara guda ba ya cika milimita 250. Duk da haka ga tsirrai can a tsaye, wasunsu sun shafe ɗaruruwan shekaru. Kowannensu yana da hanyar da yake bi, kuma hanyar a bayyane take a jikinsa: a ganye, a kara, a saiwa, har da lokacin da ya zaɓa ya yi aiki. Wanda ya iya duban waɗannan alamu zai san abin da tsiron yake so tun kafin ya ji sunansa. Abin da za mu koya ke nan daki-daki, da kayan da galibinsu ba su wuce farar leda, zare, basilin da ƙaramin sikeli ba.

Mataki na farko: ka ga ruwan yana fita da idonka

Kafin a yi maganar tattali sai an san ta inda abu yake zurarewa. Ganye yana haɗa abinci ne da hasken rana, ruwa da iskar kabon. Iskar kabon ba ta da hanyar shiga sai ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sitomata. Kowace ƙofa tana tsakanin ƙwayoyin halitta biyu. In sun sha ruwa sun kumbura sai ƙofar ta buɗe, in ruwa ya ja baya suka saki jiki sai ta rufe. To cikin ganye a jiƙe yake, iskar waje kuwa a bushe. Da zarar ƙofa ta buɗe domin kabon ya shiga, tururin ruwa ya samu hanyar fita. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso ta nan yake salwanta. Tsiro na yau da kullum yakan yi asarar giram 400 zuwa 500 na ruwa kafin ya kama giram ɗaya na iskar kabon.

Wannan ita ce tsaka-mai-wuyar da kowane tsiro yake ciki. In ya buɗe, ƙishirwa. In ya rufe, yunwa. Duk dabarun da za mu gani nan gaba hanyoyi ne na sasanta waɗannan biyun, kuma babu guda cikinsu da ta zo kyauta. Kada kuma ka ɗauka fitar ruwan ɓarna ce zalla. Ita ce ke jawo ruwa da sinadaran ƙasa daga saiwa zuwa ƙololuwar bishiya, ita ce kuma ke sanyaya ganye lokacin da rana ta take.

Ga gwajin. Nemi farar leda wadda ake ganin cikinta, marar huda. Da hantsi ka zura reshe mai ganye a ciki, ka ɗaure bakin da zare, ka bar kusurwa ɗaya ta rataya ƙasa domin ruwa ya taru a nan. Ka yi haka ga tsiro mai faɗin ganye mai laushi, ka kuma yi wa wani mai ƙananan ganye masu tauri, su biyun a cikin rana ɗaya, yawan ganyen da ka rufe ya yi kusa da juna. Bayan awa biyu ko uku ka dawo. Ledar farko za ta yi gumi har ruwa ya kwanta a kusurwa, ta biyun kuwa ɗan hazo ne kawai. Ka kwance ledar a ranar, domin zafin cikinta yana iya dafa ganyen.

In kana son lissafi, akwai hanyar da wani masani mai suna Stephen Hales ya bi a Ingila, ya bayyana sakamakonta a 1727. Ya rufe bakin tukunyar shuka domin kada ƙasar ta fitar da danshi, ya riƙa auna nauyinta safe da yamma. Kai ma ka shayar da shukarka ta tukunya, ka naɗe tukunyar duka da leda har zuwa gindin kara, ka ɗora a sikeli da safe, ka sake ɗorawa da yamma. Kowane giram da ya ragu mililita ɗaya ce ta ruwa da ta fita ta ganye. Ka maimaita ranar da ake iska, da ranar da gari ya yi lumshi. Bambancin zai nuna maka cewa zafi, bushewar iska da kaɗawarta su ne manyan masu kwashe ruwan ganye.

Mataki na biyu: ka tsaya a kan ganye, ka daɗe

A nan ne mafi yawan labarin yake, saboda haka kada ka yi gaggawa. Ɗauki ganye ɗaya ka bi shi da ido da yatsa.

Fara da girmansa. Ƙaramin ganye yana saurin sakin zafi ga iskar da ke wucewa, don haka ba ya ɗumama ƙwarai, ba ya kuma bukatar ya zubar da ruwa da yawa kafin ya huce. Shi ya sa dangin bagaruwa da farar ƙaya suke rarraba ganyensu zuwa ƙanana-ƙanana. Babban ganye in ya rufe ƙofofinsa da tsakar rana yana iya ƙonewa, ƙaramin kuwa ya tsira.

Sai ka shafa fuskarsa. In ka ji santsi da ƙyalli, ko wata farar hoda da ke gogewa a yatsa, kaki ne da ganyen ya shafa wa kansa domin ya toshe fitar ruwa ta fata. Tumfafiya misali ce da ba a rasawa: ganyenta mai kauri ne, ga farin kakin nan a kansa. Ka ɗiga ruwa a kai ka ga yadda yake dunƙulewa ya gangare. In kuwa ka ji gashi-gashi, wata dabarar ce. Gashin yana riƙe siririyar iska mai danshi a jikin ganyen yadda guguwa ba za ta share ta nan take ba, farinsa kuma yana mayar da hasken rana. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa cikin tsirran hamada launinsu toka-toka ne ko ruwan azurfa, kamar sabara. A hamadar Sonora ta Arewacin Amurka akwai wani ƙaramin itace mai suna Encelia da yakan fitar da ganye kore-kore lokacin ruwa, in fari ya matso sabbin ganyen su fito fari fat da gashi.

Yanzu ja da baya ka dubi yadda ganyen yake tsaye. Ganyen turare, wanda asalinsa Ostareliya ne, rataye yake a tsaye, gefensa ne ke fuskantar sama. Rana tana samunsa da safe da yamma lokacin da sauƙi, da tsakar rana kuwa sai ta zame ta gefe. Wasu dangin wake suna juya ganyensu su haɗe shi in zafi ya yi yawa. Ciyayi da masara da dawa kuma naɗe ganyen suke yi ya zama kamar bututu, fuskar sama ta shige ciki. Akwai manyan ƙwayoyin halitta a jikin ganyen da suke motsewa in ruwa ya ragu, su ne ke jawo naɗewar. Ka riƙe wannan da kyau: naɗewar tsakar rana da ke warwarewa da yamma kariya ce, ba alamar mutuwa ba. Wadda ta kwana ta wayi gari a naɗe ita ce abin damuwa.

Wanda ya taɓa shanya wanki ya san wannan dokar. Rigar da aka baza a igiya tana bushewa nan da nan, wadda aka bari a dunƙule kuwa har dare da sauran laima. Ganye ma haka ne: iya faɗin da ya miƙa wa iska, iya ruwan da zai rasa.

Saura ƙofofin kansu. A yawancin itatuwa masu faɗin ganye sun fi yawa a ƙasan ganye, ɓangaren da ke cikin inuwa. Kana iya tabbatar da haka ba tare da madubi ba. Tsinko ganye huɗu masu girma ɗaya daga tsiro ɗaya, ka toshe inda ka tsinka da ɗan basilin. Na farko ka bar shi haka nan. Na biyu ka shafe samansa da basilin, na uku ƙasansa, na huɗu duka biyun. Rataye su a zare cikin inuwa inda iska ke wucewa. Bayan kwana biyu ko uku za ka tarar na farko ya yanƙwane, na biyu ya bi sahunsa, na uku da na huɗu kuwa da sauran ƙarfinsu. Ma'ana ruwan ta ƙasa yake fita. In kana da damar shiga ɗakin gwaji, shafa jan-farce marar launi a ƙasan ganye, bari ya bushe, ɓare shi da farin salatif ka manna a gilashi, ka duba a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Za ka ga hoton ƙofofin ɗaya-ɗaya. A wasu tsirrai, kamar furen oliyanda, ƙofofin a cikin ƙananan ramuka suke, bakin ramin cike da gashi, yadda iska ba ta kai musu kai tsaye. Oliyanda dai guba ce, ka wanke hannu in ka taɓa ta.

Wa ke ba ƙofofin umarnin rufewa? Wani sinadari ne da tsiro ke yawaita shi in ƙasa ta fara bushewa, ana taƙaita sunansa da ABA. Yana sa ƙwayoyin da ke tsaron ƙofa su saki ruwansu. Wato tsiro yana fara tsimi tun kafin kai ka ga alamar yaushi.

Dabara ta ƙarshe a nan ita ce rabuwa da ganyen gaba ɗaya. Kuka takan kaɗe ganyenta da rani ta tsaya tsirara watanni. Wani itacen hamadar Amurka mai suna okotiyo yakan fitar da ganye cikin 'yan kwanaki bayan ruwa, ƙasa na bushewa ya zubar, kuma yana iya yin haka sau da dama a shekara ɗaya. Itacen da ba ganye a kansa da rani, kafin ka yanke masa hukunci ka ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. In ka ga kore da danshi a ƙasa, yana raye.

Mataki na uku: nemi rumbun ajiya

Matsa ganyen ko karan a hankali. In ka ji shi cike, da kauri da nauyi, kana gaban mai ajiya ne. Alobera a ganye take tarawa, cikin wannan majinar mai yauƙi da ke riƙe ruwa ba ta saki da wuri. Kaktus, wani tsiron hamada mai ƙaya da kaurin jiki, a kara yake tarawa, kuka a kututture, wasu kuma a ƙarƙashin ƙasa cikin dunƙulalliyar saiwa, kamar ƙaramin zogale.

Akwai lissafi a bayan wannan siffa mai ƙiba. Ɗauki dunƙule mai fuska shida kamar akwati, kowane gefe santimita 1: fatarsa murabba'i 6 ce, cikinsa 1. In gefen ya zama santimita 10, fatar ta zama 600, cikin ya zama 1,000. A na farko kowane awo na ciki yana da awo 6 na fatar da ruwa zai bi ya fita, a na biyu bai kai ko ɗaya ba. Shi ya sa masu ajiya suke zama gajeru dunƙulallu ko masu kaurin jiki. Kaktus ya kai abin ƙarshe: ya mayar da ganyensa ƙaya, koren karan ya karɓi aikin haɗa abinci. Ƙayar tana korar dabbar da ƙishirwa ta koro, tana kuma ba jikin ɗan inuwa. Layukan da ke jikin babban kaktus ɗin nan na Sonora, saguwaro, ninki ne da ke buɗewa in ya sha ruwa ya kumbura, ya kuma tsuke in ajiyar ta ragu, fatar ba ta tsage ba.

Wani abin da ke burge ni a nan shi ne, asalin kaktus nahiyar Amurka ce, amma Afirka tana da nata masu kama da shi sak, irin su tinya, alhali ba dangi ba ne. Matsala ɗaya ce ta kai su ga siffa ɗaya. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: tinya da danginta suna fitar da farin ruwa kamar madara in an ji musu rauni. Wannan ruwan yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya yin mummunar illa. Kada ka yanka su da hannu tsirara, kada kuma ka bar yara kusa lokacin da kake aikin.

Mataki na huɗu: yi tunanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Ba sai ka tone ba, kuma bai kamata ka tone ba. Daga halin tsiron za ka iya gane irin saiwarsa, domin hanyoyi biyu ne masu hannun riga da juna.

Akwai masu nutso. Su saiwarsu tana bin ƙasa har ta tarar da ruwan da ke can ciki. A hamadar Kalahari an samu saiwar wani itace mai suna Boscia a zurfin mita 68, a jihar Arizona ta Amurka kuma an samu ta wani itace mai suna meskit a mita 53. Alamar irin waɗannan ita ce, za ka gan su kore shar a tsakiyar rani alhali ganyensu ba mai kauri ba ne, ba kuma rumbu a jikinsu. Aduwa da kurna suna cikin wannan sahu. Gawo ya fi su ban mamaki, domin shi da damina yake zubar da ganye, ya fitar da sabo da rani. Ba zai iya haka ba sai don saiwarsa ta kai inda ruwa ba ya yankewa. An kuma gano cewa wasu masu doguwar saiwa sukan jawo ruwa daga ƙasa can ciki da dare, ya tsattsafo ta ƙananan saiwoyinsu na sama, ƙasar wurin ta ɗan jiƙe, har ciyawar da ke gindinsu ta amfana.

Akwai kuma masu shimfiɗa. Yawancin kaktus saiwarsu ba ta nisa ƙasa, amma tana bazuwa nesa ta kowane gefe. Ko yayyafi aka yi da bai ratsa ƙasa da nisa ba, sun kwashe shi kafin rana ta shanye, su kai rumbu. Mai ajiya a jiki galibi mai shimfiɗa ne.

Kana son ka ga nutson da idonka? Yanke kan doguwar robar ruwa, huda ƙasanta, cika ta da yashi, ka shuka irin bagaruwa ko na dawa a jikin bangon robar. Naɗe ta da baƙar takarda domin saiwa ba ta son haske. Bayan mako biyu ka zare takardar. Sau da yawa za ka tarar saiwar ta ninka abin da ya fito sama tsawo. Tsiron busasshen wuri yakan fara gina ƙasa kafin ya gina sama, kuma wannan ne ya sa mai gaggawa yake ganin kamar dashensa ya ƙi girma.

Mataki na biyar: bincika lokacin da yake aiki

Wannan dabara ba a ganinta da ido, amma ita ce mafi ƙarfi cikinsu. Tunda asarar ruwa ta fi tsanani da rana, wasu tsirrai sun koma buɗe ƙofofinsu da dare, lokacin da iska ta yi sanyi ta kuma ɗauki danshi. Su kama iskar kabon su adana ta a matsayin wani sinadari mai tsami. Gari na wayewa su rufe ƙofofi, su warware sinadarin a cikin gida, su haɗa abinci da hasken rana ba tare da sun buɗe ba. Ana kiran wannan tsari CAM. Kaktus, alobera, agabe (wani tsiro mai kaurin ganye da ke kama da alobera) da abarba duk a kansa suke. Asararsu ba ta wuce giram 50 zuwa 100 na ruwa a kowane giram na kabon ba, ka kwatanta da 400 zuwa 500 ɗin da muka faɗa a baya.

Tun farkon ƙarni na 19 wani likita mai suna Benjamin Heyne ya lura a Indiya cewa ganyen wani tsiro mai kauri yana da tsami da safe, tsamin kuma yana gushewa in rana ta yi. Kai kada ka gwada da harshe, domin da yawa cikin masu kaurin ganye guba ne. Nemi takardar gwajin tsami ta ɗakin gwaji, wadda ke sauya launi. Da asuba ka yanki ɗan ganyen alobera, ɓangaren kore na fatar, ka daka shi da 'yan ɗigon ruwa mai tsabta, ka tsoma takardar ka ajiye launin. Da la'asar sakaliya ka sake yi da ganye mai girma ɗaya da ruwa daidai na farko. Na asuba zai nuna tsami fiye da na yamma. Abin da ka gani shi ne kabon ɗin da tsiron ya tara a daren jiya.

Tsadar wannan hanya ita ce jinkiri. Wurin ajiyar tsamin yana da iyaka, saboda haka abincin da za a haɗa a rana ma yana da iyaka. Saguwaro mai shekara 8 zuwa 10 bai fi 'yan santimita ba. In ka ga ƙato mai rassa, ka san ya girmi kakan wanda ke kallonsa. Wannan ne ya sa tumɓuke irin waɗannan tsirrai daga daji domin ado yake mini ciwo. Abin da aka cire cikin minti kaɗan, wurin ba zai mayar da shi ba a tsawon ran mutum. Mai so ya nemi wanda aka raina daga iri ko daga reshe.

Tsakanin tsarin tsiro na yau da kullum da na CAM akwai tsari na uku da ake kira C4, wanda wasu masana biyu, Hatch da Slack, suka fayyace a Ostareliya a 1966. Gero, dawa, masara, rake da yawancin ciyayin ƙasashe masu zafi a kansa suke. Su da rana suke aiki, amma suna da hanyar tattara kabon su cusa shi inda ake bukata, don haka ko ƙofofin sun ɗan tsuke aikin yana tafiya. Ruwan da suke kashewa kusan rabin na sauran tsirrai ne, ga kuma saurin girma.

Mataki na shida: kada ka manta da masu gudu da masu suma

Wasu ba sa tsayawa su yi kokawa da fari sam. Suna zaune a ƙasa a matsayin iri, shekara ɗaya ko da yawa. A jikin irin wasunsu akwai sinadarin da ke hana tsira, wanda yayyafi ba ya wanke shi, sai ruwa mai yawa da zai isa a kammala rayuwa. In ya samu, cikin 'yan makonni sun tsira, sun yi fure, sun zubar da iri, sun mutu. Haka hamadar Atakama ta ƙasar Chile da yankin Namakwaland na Afirka ta Kudu suke rufewa da furanni a shekarun da ruwa ya wadata. Wasu kuma bushewa suke yi ƙayau kamar matattu, su farfaɗo cikin kwana ɗaya ko biyu in sun samu ruwa, irin su Myrothamnus na kudancin Afirka. A hamadar Namib kuma ga Welwitschia, mai ganye biyu tak duk tsawon rayuwarta, rayuwar da kan haura shekara 1,000.

Mataki na bakwai: mayar da abin da ka gani aiki

Yanzu ka koma ga shukar da ke hannunka ka tambayi kanka: mai ajiya ce, mai nutso ce, ko mai tsuke ganye? Amsar ita ce za ta tsara maka kulawa.

In mai ajiya ce, babban haɗarinta ruwa ne, ba fari ba. Saiwa ma numfashi take yi. In ƙasa ta zauna a jiƙe, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa ta ƙare, saiwar ta ruɓe. Ka haɗa mata ƙasa mai saurin tsanewa, kamar rabi ƙasar shuka rabi yashi mai kaushi da ƙananan tsakuwa, a tukunya mai huda a gindi. Tukunyar yumɓu da ba a shafe ba ta fi ta roba, domin tana fitar da danshi ta jikinta. Ka shayar sosai har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan ka bari ta bushe sarai kafin ka sake. Kada ka bi kalanda. Soka siririn tsinke har gindi ka zaro: in ya fito da laima ko ƙasa ta manne masa, da saura. Ko ka ɗaga tukunyar ka saba da nauyinta a jiƙe da a bushe. Lokacin sanyi, da girma ya tsaya, ka ƙara tazara. In ka yanki reshe domin dasawa, ka ajiye shi a inuwa 'yan kwanaki bakin yankan ya bushe tukuna.

In mai nutso ce, kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ai itacen fari ne, a dasa a juya baya. Juriyarsa tana cikin saiwar da bai riga ya gina ba. Shekara ɗaya ko biyun farko yana bukatar taimako. Ka ba shi ruwa mai yawa jefi-jefi yadda zai ratsa ƙasa da nisa, saiwar ta bi shi. Ɗan yayyafi kullum yana koya wa saiwa zama a sama, inda ƙasa ke fara bushewa. Kada kuma ka bar shi ya daɗe a ledar raino har babbar saiwar ta murɗe a gindi, domin wanda ya murɗe da wuya ya miƙe. Yi masa ɗan kwari a kewaye domin ruwa ya taru, ka rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazara tsakaninta da kara. Ga masu ajiya kuwa tsakuwa ta fi dacewa da wannan rufin, saboda ba ta riƙe laima a wuyan tsiro.

Ka shayar da sassafe ko da yamma, a gindi. Inda ruwa ya yi tsada ƙwarai, binne tulun yumɓu marar shafi kusa da shukar har wuya, cika shi ka rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa gwargwadon bushewar ƙasa. Ka kuma yi hankali da takin zamani. In ya yi yawa yana tunzura tsiro ya fitar da manyan ganye masu laushi da ke shan ruwa, gishirinsa kuma yana taruwa a ƙasa har saiwa ta kasa tsotso ruwan da ke gabanta. Farin ɓawo a saman ƙasar tukunya alamarsa ke nan, maganinsa a kwarara ruwa mai yawa ya wanke ta huda. Kada ka haɗa mai son ruwa da mai ajiya a tukunya ɗaya ko layin ban-ruwa ɗaya, domin dole ɗayansu ya cutu.

Abu mafi rikitarwa shi ne ƙishirwa da yawan ruwa suna iya kama da juna, tunda tsiron da saiwarsa ta ruɓe shi ma ba ya samun ruwa, shi ma yaushi yake yi. Ka raba su ta taɓawa. Mai ƙishirwa ganyensa yana motsewa ya yi tamoji, amma da tauri, ƙasarsa a bushe, kuma yakan cika cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan an shayar. Mai yawan ruwa ganyensa yana yin rawaya ko ya zama garai-garai da laushi, yana faɗuwa da an taɓa, gindin karan ya yi baƙi, ƙasar a jiƙe, wani lokaci da wari. In ka ga haka ka dakatar da ruwa, ka fitar da shi daga tukunya, ka yanke duk saiwar da ta yi baƙi da wuƙa mai tsabta, ka bar shi a inuwa kwana biyu ko uku, sannan ka mayar cikin busasshiyar ƙasa. Kada ka shayar sai bayan mako guda. In ruɓar ta riga ta hau kara, yanke daga sama inda naman yake fari mai lafiya, ka bushe bakin yankan, ka dasa shi a matsayin sabon reshe.